Jirgin da Na Auna da Gonar Inna

Yanzu ko jirgin sama ya wuce ta kan Yelwa ba mai ɗaga kai. Ina zaune a rumfata ta bakin ruwa, inda nake facin jiragen masunta, sai in ji gurnaninsa can cikin gajimare, in dubi samarin da ke sauke kwandunan kifi, kowa idonsa na kan waya. Ban ga laifinsu ba, tarar da abin suka yi. Mu kuwa ranar da jirgi ya fara bi ta kan gungunmu, wato tsibirinmu na tsakiyar Kwara, ƙasa-ƙasa, awaki tsinke igiya suka yi, wata tsohuwa ta kifa wa kanta ƙwarya ta durƙusa, maza suka yi cirko-cirko a cikin kwalekwale suna salati. Duk bakin ruwan nan ni kaɗai nake ɗaga kai yau, kuma ba sha'awa ke sa ni ba. Kowane jirgi ya wuce mutum ɗaya yake tuno mini, kuma ban taɓa tuno shi na yi masa fatan alheri ba. Na tsufa, haƙora sun zube, na yafe wa mutane da yawa abubuwan da suka fi wannan girma a idon duniya. Wannan dai na riƙe shi shekara hamsin da ɗoriya, ban gaji da riƙonsa ba.

Gungun da aka haife ni ba ya nan. In ka shiga jirgi ka nufi kudu ta wajen Ngaski, tsofaffin masunta za su tsai da inji a tsakiyar tafki su nuna maka ruwa su ce nan ne, ka duba ka ga ruwa kawai. Amma ni in na rufe ido ina jin wurin. Da asuba ƙarar gizagon Baba ce ke tashe mu, domin shi masassaƙin jirgin ruwa ne, sai kuma ƙarar ƙwaryar Inna tana kwasar ruwa daga Kwara tana watsa wa albasa. Gonarta na gefen kogi, a yanke fangali-fangali, wato 'yan dandamali masu kewayen kunya da ke riƙe ruwa, a jere reras kamar an ja su da zare. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in buɗe bakin wannan fangali in toshe na wancan da dunƙulen laka, ƙafata a sanƙare da sanyi, hancina cike da warin ganyen albasa. A gida yarenmu na Reshe muke yi, Hausa ta kasuwa ce da makaranta. Yanzu famfon inji ke ban ruwa, yaro ya ja igiya ya koma inuwa ya zauna, jikokina kuwa in na yi musu yarenmu dariya suke yi.

Baba bai san rula ba, bai taɓa riƙe fensir ba, amma ban ga jirginsa da ya karkace a ruwa ba. Awonsa a jikinsa yake: gaba, kamu, taƙi da faɗin tafi. In mutum ya zo yana son jirgi, Baba ba ya taɓa gungumen icce sai ya fara fere ƙarami da tukurwa ya ɗora wa mai shi a hannu. Yakan ce masa, "Gaba guda ga babba, tahi guda ga ƙarami. Duba da kyau, in akwai abin da bai yi maka ba hwaɗi yanzu, in gizago ya shiga icce magana ta ƙare." Ni ina tsugune a gefe ina tattara sassaƙe don wutar Inna, ina ji, har abin ya zauna mini a kai cewa kowane babban abu ana iya mai da shi ƙarami, in dai ka san me ke tsayawa a madadin me. A makaranta daga baya na ji ana kiran wannan ma'auni, ana rubuta shi da lamba biyu da ɗigo a tsakani, ana yi mana hura hanci kamar a cikin littafi aka haife shi.

Makarantar tana ƙetaren kogi, mu uku ne kacal daga gungu, kullum da kwalekwale muke zuwa, gindin wando a jiƙe. Malaminmu na aji na ƙarshe dogo ne mai tsabta, mai son a ji takalminsa na ƙara. Ba ya kiranmu da suna, sai "'yan gungu". A gidansa akwai ɗan ƙanwarsa da yake riƙo, sa'ana, ajinmu ɗaya, yaro mai santsin fata da lafuzza, wanda ko fensir bai iya feƙewa ba sai ya yanke yatsa. A shekarar ne aka fara maganar za a datse Kwara can ƙasa, ruwa zai hau, za a tashe mu. Manya suna ta ce-ce-ku-ce, wasu na cewa ƙarya ce, wa ya isa ya tsai da Kwara. Sai ga ƙaramin farin jirgi mai farfela ɗaya a hanci ya fara zuwa, yana bin kogi ƙasa-ƙasa har kana hango kan matuƙin, aka ce masu ƙirga gidaje da gonaki ne a ciki. A cikin wannan hali Malam ya sanar cewa mai duba makarantu zai zo, kowa ya yi aikin hannu, wanda nasa ya fi za a ba shi gurbi ɗaya tak da aka ware mana a makarantar koyon sana'a ta birni. Ya ƙara da cewa duk wanda zai kwaikwayi wani abu, to ya zo da ma'auninsa, ba ya son aikin kintace.

Ni tun kafin ya rufe baki na san abin da zan yi. Sai dai jirgin ruwa kana iya kwantar da shi a kan yashi ka bi shi da kamu, na sama fa? Ba ya sauka a wurinmu, ba wanda zan tambaya. Kwana da kwanaki ina miƙa hannu sama ina auna shi da yatsa, yau ya fito taƙi ɗaya, gobe rabin taƙi, gwargwadon nisansa. Har na fara rama. Wata Asabar da tsakar rana muna gona, jirgin ya taho, na saki bakin fangali ruwa ya ɓalle ina kallon sama. Inna ta daka mini tsawa, sannan ta tsaya ta dube ni.

"Kai kullum sama kaka kallo," in ji ta. "Abin da kaka nema ga shi nan ƙasa yana bi ta kan albasata."

Na ce, "Inna, inuwa ce fa."

"To mi? Dubi rumhwar can. In rana ta take tsaka, inuwatta ba daidai da ruhinta take ba? Shi ma wanga tsuntsun ƙarhe hakanan na. Hau tsamiya ka ƙirga hwangali nawa shika ruhewa."

Matar da ba ta taɓa taka ƙofar aji ba ke nan. Har yau in na tuna sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Muka shiga farautar inuwa. Ba kullum jirgin ke zuwa da tsakar rana ba, in ma ya zo ba kullum yake bi ta kan gonarmu ba, kuma wucewarsa ƙiftawar ido ce. Na yi ƙaryar ciwon ciki na ƙi zuwa makaranta ya fi sau biyar, Inna na rufa mini asiri a wurin Baba. Da mun jiyo shi sai in ɗare tsamiya, ita kuma ta tsaya a kan kunya da ƙwarya a hannu ɗaya da fartanya a ɗayan. Inda bakin fiffike ya shafa ta wancan gefe ta jefa ƙwarya, ni kuma in riƙe na wannan gefen da ido in sauko a guje in kafa kara. Sau uku ya bi mana daidai, sau ukun kuma abu ɗaya muka samu: daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike fangali bakwai. Jikinsa ya fi wuya, sai da na koyi tsai da ido a kan kunya ɗaya in jira hancin ya taɓa ta, sannan in ga inda wutsiya take. Ya fito fangali huɗu. Inna ta yi guɗa a tsakiyar gona har maƙwabta suka leƙo, suka zaci albishir ɗin haihuwa aka kawo mata.

Daga nan sai na bi hanyar Baba: fangali ɗaya, tafi ɗaya. Tafina na lokacin ƙarami ne, don haka na roƙi Baba ya ɗora nasa a kan sandar tukurwa na zana, bakwai na fiffike, huɗu na jiki. Na fere ɓargon tukurwa da wuƙar Inna ta yankan albasa, na haɗa gaɓoɓin da ƙayar aduwa da ƙaro, na yi tayoyi da ɓawon goriba, farfela kuwa da gwangwanin madara da na tsinta a kasuwar Yelwa, in ka hura sai ta juya. Na shafe shi da farar ƙasa sau uku, na ja jan layi a gefensa kamar na gasken. Ranar da na gama Baba ya ɗauke shi ya jujjuya, sannan ya ajiye gizagonsa ya tuƙa ni da kansa zuwa ƙetare don kada ruwa ya fantsamar masa. A wurin Baba wannan ya fi kirari.

Malam ya karɓi jirgin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ina ma'auninsa?" Na buɗe baki na ce, "Malam, da inuwa munka auna shi, ni da Inna, ga gonar..." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ƙyalƙyale da dariya, aji ya ɗauka. "Ku ji awon 'yan gungu! Inuwa! Gobe kuma da hayaƙi za ku auna." Ya ce in bar shi a ofis zai duba. Ashe da yamma ya je masaukin masu ƙirgar nan ya tambayi akawunsu tsawon jirgin, ya dawo ya ɗora rula a jikin nawa daga hanci zuwa wutsiya, ya raba, ya sami ɗaya bisa ashirin da biyar. Ya rubuta haka a farin kati da kyakkyawan rubutunsa. A ƙarƙashin lambar ya rubuta sunan ɗan ƙanwarsa.

Ranar da mai duba makarantu ya zo aka jera ayyuka a kan tebura a gindin darbejiya: tabarmi, faifai, motar kara, tukunya. Ina daga layin baya na hango jirgina a tsakiya, na hango katin. Na ɗauka kuskure ne. Baƙon ya tsaya a kansa ya hura farfela ta juya, ya yi murmushi ya ce wa ya yi wannan. Yaron nan ya fito da farar rigarsa mai guga, ya ƙame, ya ɗaga murya yadda har masu tallan gyaɗa a bakin shinge suka ji, ya ce, "Ni na yi shi da hannuna." Na yunƙura zan yi magana, Malam ya juyo ya dube ni, ya ɗan taɓa bulalar da ke hammatarsa. Na yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da na fi tsana a duk rayuwata, ya fi satar kanta ci mini rai.

Inna ba ta yi shiru ba. Washegari ta bar albasa ba ruwa, ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta tuƙa kwalekwale da kanta ta ƙetare. Ta tsaya a ƙofar ajinmu ta yi sallama. Hausarta ba ta nuna ba, takan mai da namiji mace, mace namiji. Ta ce, "Malam, jirgi ɗana ta yi. Ni ya riƙe ƙwarya." Malam ya juyo gare mu ya maimaita maganarta da irin muryarta, har da karkace baki, aji ya fashe. Wanda ya fi kowa dariya, har da dukan tebur, shi ne mai farar riga. Inna ta tsaya tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane me ya ba su dariya ba, sannan ta gane. Ta gyara ɗaurin zanenta ta juya. A hanyar komawa ni na karɓi filafilin tuƙi, ita tana zaune a gaba ta ba ni baya har muka isa. Malam ya daɗe da mutuwa, shari'arsa na wurin Allah. Amma mai dukan tebur yana raye.

Shi ya tafi birni, ni na koma gindin gizago. Ba a daɗe ba ruwa ya zo kamar yadda aka faɗa, a hankali, yau ya ci kunya ɗaya, gobe biyu, har tsamiyar da nake hawa ta zama ɗan tsiro a tsakiyar tafki, daga baya ita ma ta nutse. Aka kwashe mu zuwa tudu, aka ba mu ɗakunan siminti masu zafi kamar tanda. A can Inna ta sami ɗan wuri a bakin sabon ruwa ta ce in zo in yanka mata fangali. Na ɗauki fartanya na fara ja, sai ta ce, "Ba hakanan ba. Kamu biyar ta tsawo bin ruwa, kamu huɗu ta hwaɗi, awa na gungu." Na tsaya da fartanya a sama. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Sai na zauna daɓas a cikin laka. Fangalin Inna ashe tsawonsa ya fi faɗinsa, ni kuwa na ƙirga su kamar kowane gefe ɗaya ne. Jirgin bin kogi yake yi, don haka jikinsa ta tsawon fangali na auna shi, fukafukansa ta faɗi, sannan na ba kowanne tafi ɗaya. Ke nan fiffiken jirgina ya fi ƙarfin jikinsa, ma'auni biyu ne a abu ɗaya. Da farko kunya ta kama ni. Can kuma sai na ji wani sanyi na ratsa ni, domin na gane duk duniya mutum biyu ne suka san dalilin wannan kuskure, kuma ɓarawon ba ya cikinsu. Bayan damina biyu Inna ta rasu, ya rage ni kaɗai.

Na ɓoye abin nan a raina kamar yadda ake ɓoye wuƙa a cikin rufin ɗaki. Shi kuwa ya yi ta hawa, ya zama Injiniya, ya zama Alhaji, ya gina gidan bene a Yelwa. Jirgina yana falonsa a cikin akwatin gilashi. Sau biyu ina jinsa a rediyo yana ba yara labarin yadda ya fara, wai tun yana ƙarami Allah ya ba shi ido, kallo ɗaya ya yi wa jirgi ya fitar da ma'auninsa. Matata, Allah ya ji ƙanta, takan kashe rediyon ta ce in bar wa Allah. Nakan ce na bar masa, amma ina nan kusa ko zai aike ni. Sau da yawa na yi niyyar zuwa ƙofar gidansa, sai in tuna maganar kafintan bakin ruwa ba ta ture ta mai bene, za a ce hassada ce. In mun haɗu a jana'iza yakan miƙo mini yatsu biyu ya ce, "Kahinta, ya ruwa?" In ce, "Ruwa na nan inda kunka bar shi, Alhaji."

Bana, bayan sallar layya, wata budurwa ta sauko daga kan babur a gaban rumfata, rungume da kwali. Ta durƙusa ta gaishe ni da Hausar birni, ta ce an ce mata duk Yelwa ni kaɗai na rage mai aikin tukurwa. Ta buɗe kwalin. Farar ƙasar ta koma ruwan hoda, jan layin ya dushe, wutsiya ta karye, amma ƙayar aduwar da na soka tana nan inda na soka ta. Ta ce ita jikar Injiniya ce, tana karatun injiniya a jami'a, za ta kai jirgin kakanta wani baje koli a makarantarsu, garin ɗaukowa wutsiyar ta karye.

"Amma Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai," in ji ta. Ta fito da waya ta nuna mini hoton irin jirgin, da tsawonsa da faɗinsa a rubuce. "Na auna jikin, ya yi daidai da katin, ɗaya bisa ashirin da biyar. Da na auna fiffike sai na samu ɗaya bisa ashirin. Na sake har sau huɗu."

Na ce, "Kin tambayi mai shi?"

"Ya ce tukurwa ce ta kumbura."

Na yi dariyar da rabona da irinta tun Inna na da rai. Na ce, "Ɗiyata, tukurwa in ta tsuhwa ƙanƙancewa takai. Bar shi nan in gyara wutsiya. Ki koma ki ce ma kakanki kahinta ya ce shi ya san dalili, amma ba shi hwaɗi sai gaban wanda ya yi jirgin. In shi na, shi zo shi ji."

Na san abin da na yi. Na ga irin yarinyar, mai son ta ga ƙarshen lissafi ce, ba za ta bar shi ya yi barci ba. Na kuma san ba abin da zai fi yi masa ciwo kamar a ce daga cikin gidansa tambayar ta fito. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan.

Kwana uku sai ga mota ta tsaya a saman gangare, ranar kasuwa, da hantsi, bakin ruwa cike da masunta da dillalan kifi da masu lodin albasa. Injiniya ya sauko da sanda, jikar na riƙe da hannunsa. Ya tsufa ƙwarai, babbar riga na jan ƙasa. Mutane suka dare suna gaishe shi. Ya zauna a bencina ba tare da an ce ya zauna ba, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kahinta, mi kaka so? Hwaɗi, mu ƙare tsakaninmu."

Na ce, "Yarinya ta yi tambaya, Alhaji. Ba ta amsa."

Ya ce kuskuren yarinta ne, wa ke tuna abin da ya yi yana ɗan shekara goma sha uku. Jikar ta ce, "Alhaji, kuskure ba ya fitowa daidai huɗu bisa biyar." Sai na tashi na ɗauki sanda na zana fangali a kan yashi, kamu biyar bin ruwa, kamu huɗu ta faɗi. Na ba ta labarin tsamiya da ƙwarya da inuwa, da ƙarfi, yadda na bayan rumfa za su ji. Masu lodi suka ajiye buhuna suka matso. Tana ji tana danna waya, can ta ɗago ta ce, "Biyar da huɗu. Ashirin da biyar da ashirin. Ya fita." Na ɗauko jirgin na ɗora tafina a jikinsa, domin hannuna yanzu ya zama irin na Baba, na ƙirga a fili: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ƙare cif a wutsiya. Na juya fiffike na ƙirga bakwai, ko ƙwayar gero ba ta rage ba. Wani tsohon masunci ɗan gungunmu ya ce, "Wallahi na tuna uwatai da ƙwarya tana bin inuwa, munka ce ta taɓu."

Yarinyar ta saki hannun kakanta. Ba ta yi masa tsawa ba, ba ta yi kuka ba, ta dai matsa taku ɗaya ta tsaya tana dubansa. Na ga abin ya shige shi fiye da duk zagin da na tanada.

Ya ce, "Mun tsuhwa, kahinta. Kawuna ya sa ni. Ka yahe, don Allah."

Na ce, "Kawunka ya rubuta kati. Shi ya buga maka tebur ranar da Inna ta zo? Ni ba ni da abin yahewa, wadda kunka yi ma dariya tana tudu cikin ƙasa, tahi ka roƙe ta. Abu guda nika so. Wa ya yi jirgin ga?"

Ya motsa baki ya ce, "Kai ka yi shi."

"Ba su ji ba, Alhaji. Ranar nan har masu tallan gyaɗa sun ji ka."

Ya dubi jikarsa, ba ta kawar da ido ba. Ya dafa sanda ya ɗaga murya ya ce, "Shi ya yi shi. Shi da uwatai." Ba zan yi ƙarya da furfura ba, na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma har yau ban nemi gafarar wannan daɗin ba. Gurbin da aka ƙwace mini ba ya dawowa, na sani, a gindin gizago zan mutu. Amma na ga ya hau gangaren nan shi kaɗai da sandarsa, ba wanda ya dare masa hanya.

Yarinyar ba ta bi shi nan da nan ba. Ta zare tsohon katin daga cikin kwali ta juya bayansa, ta tambayi sunana da na Inna ta rubuta. Sannan ta shafa fiffiken a hankali ta ce, "Baba, tunda yanzu mun san daidai ɗin, ko za ka rage shi ya koma ɗaya bisa ashirin da biyar? Kaɗan za a yanke ta kowane gefe."

Na karɓe jirgin daga hannunta. Na ce, "Ɗiyata, ruwa ya ci gungu, ya ci tsamiya, ya ci gonar. Ko hoton Inna babu. Duk duniya ba inda awon hwangalinta ya saura sai ga hihhiken ga. Wanda duk ya sa mai wuƙa, sai dai in bayan raina."